Littafin da Na Yanka da Hannuna

Mahaifina ma'aikacin maɗaba'a ne a Zariya, irin ta da, wadda ake jera harufan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ya fi shekara 30 yana karanta rubutu a kife kuma a juye, har ya zamana in ka miƙa masa jarida ta kai ba ya damuwa ya gyara mata zama. Hannunsa bai taɓa fita fes ba, ko ranar Sallah akwai baƙi a gefen farcensa. In na kai masa abincin rana yakan ɗauko takardar da ta lalace a bugu, ya kife ta a kan tebur ya ce, "Rufe idonka, shafa nan." Sai in ji harufan sun ɗan turo ta baya kamar ƙuraje. "In sun turo da yawa, an danne da mugunta. In ba ka ji komai ba, ƙarfe bai taɓa takardar ba." A lokacin ni dai ragowar naman miyarsa nake jira.

Akwai kuma wani dattijo da ke zama a bakin gidan waya yana yanka hatimi da guntuwar reza. Zai zana sunan makaranta ko na ƙungiya a juye a kan roba, ya bi ya ƙwaƙule duk inda ba ya so tawada ta kama, ya bar harufan a tsaye. Nakan tsaya kallonsa har in makara. Ban san cewa abin da zai cinye mini kuɗi da barci a ƙasar wasu ke nan nake kallo ba.

Karatun harhaɗa magunguna ya kai ni Ingila, aiki kuma ya zaunar da ni a Newcastle, can arewa inda iskar teku ke shiga har ɓargo. A sanyin farko da na yi, wani abokin aiki ya ce in je kasuwar gwanjo da ke ci Asabar da Lahadi a cikin tashar jirgin ƙasa ta Tynemouth, zan samu kwat mai kauri da araha. Ban samu daidai ni ba. A hanyar fita na ga wani tsoho da kwalin takardu a gabansa, ya rubuta fam 2 kowace. Na tsuguna don kawai in ɓata lokaci kafin jirgi. Sai ga wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannuna ba, baƙa ƙirin, a cikin baƙin kuma bishiya ce tsirara da fararen layuka sirara kamar gashin jariri, da wata hanya da ta bi ta gindinta. Babu suna, babu sa hannu. Ban san dalili ba, sai na juya ta na shafa bayanta. Ta turo. Na tsaya a tsakiyar tashar nan, mutane na gifta ni, ina jin warin kananzirin da Baba ke wanke injin da shi.

Tsohon ne ya fara yi mini bayani, ragowar na koya a ɗakunan karatu na garin cikin shekaru. Sana'o'i biyu ne na buga zane daga katako da baƙo zai ɗauka ɗaya ce. Ta farko, a samu allon katako da aka tsaga a tsaye, yadda kafinta ke tsaga shi, a yanke da wuƙa da cizal. Wannan layinta kauri ne da shi, wani lokaci har jijiyar itacen takan fito a jikin tawadar. Ta biyu kuwa gungumen ake yankawa a gicciye, kamar yadda ake yanka rake, a goge fuskar har ta yi santsin madubi, sannan a bi ta da wani siririn ƙarfe mai tsini wanda ake turawa da tafin hannu. Tunda babu jijiyar da za ta ja ƙarfen gefe, ana iya yin layi siriri yadda aka ga dama. Itacen da aka fi so shi ne wanda Turawa ke kira bokis, mai tauri kamar ƙirya, wanda aka riƙa kawowa daga wajen Turkiyya. Ba ya saurin girma kuma ba ya yin kauri, shi ya sa yawancin irin waɗannan zane ƙanana ne. In ana son babba sai an haɗa gutsattsari an ɗaure.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda mai aikin yake tunani. Mai alƙalami baƙi yake ɗorawa a kan fari. Wannan kuwa da duhu yake farawa, duk inda ƙarfensa ya bi haske ne ya shiga, kuma abin da ya ƙwaƙule ya tafi ke nan, babu gogewa. Ashe ma garin da nake zaune shi ne gidan sana'ar. Thomas Bewick, wanda ya rasu a 1828, a nan Newcastle yake da shagonsa, shi ne ya ɗaukaka wannan salon na farin layi da zanen tsuntsaye da dabbobi. Bayansa abin ya zama aikin leburanci, jaridu suna ɗaukar ma'aikata rututu suna kwafar zanen wasu a kan katako, har hoton kyamara ya zo wajen ƙarshen ƙarni na 19 ya kore su gaba ɗaya. Da sana'ar ta mutu a kasuwa sai masu zane suka tsince ta, suka ce su za su zana kuma su sassaƙa da kansu. A 1920 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar masu sassaƙen katako a Landan, akwai Eric Gill, Robert Gibbings, John Nash, Noel Rooke, da Gwen Raverat, jikar Charles Darwin. Aikin wannan zamanin, daga farkon ƙarni zuwa ɓarkewar yaƙin duniya na biyu, shi na kwallafa wa rai.

Shekarun farko lafiya lau na yi su. Ina da ƙa'ida: ba na wuce fam 20 a wata. Da wannan nake tsintar shafukan tsofaffin mujallu, alamun mallakar littafi da ake liƙawa a cikin bango, katunan gaisuwa da masu zanen suka buga wa abokansu. Na koyi riƙe gilashin ƙara girma, in ga yadda tawada ke ɗan taruwa a bakin layi idan an danna ta da gaske. Na koyi tsanar salatif, wanda ke barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita, da kwali mai arha da ke ƙona gefen takarda a hankali. Na koyi dama garin alkama kamar talge in liƙa yagewa da siririyar takardar Japan. Da na yi aure, uwargida ta ga akwatunan ta tambaye ni ko takardun gado ne. Da na buɗe mata sai ta ce, "To ai duk sun ƙone." Sunan da suke amsawa ke nan a gidanmu har yau, ƙonannun takardun Baban Ummi.

Wani zai tambaya, Musulmi da tara hotuna? An tambaye ni, na kuma tambayi kaina. Yawancin abin da nake da shi bishiyoyi ne da gonaki da kwale-kwale. Masu siffar mutane a akwati suke zama, ban rataye su a inda muke salla ba. A nan na tsaya, ban ce na fi kowa sani ba.

Jamusawa ne suka rikita ni. Na Ingila aikinsu a natse yake, kamar ɗinkin hular zanna. Na Jamus kuwa kamar da gatari suka yi. Wasu ɗaliban zanen gine-gine huɗu ne suka haɗu a Dresden a 1905, cikinsu har da Kirchner da Heckel da Schmidt-Rottluff, suka riƙa farke katako suna fitar da fuskoki masu kusurwa. Mujallun Berlin irin su Der Sturm da Die Aktion suna buga irin wannan aiki kai tsaye daga katakon, a takarda mai arha wadda yanzu in ka lanƙwasa ta sai ta karye kamar busasshen ganye. A 1937 gwamnatin Nazi ta kwashe dubban ayyukansu daga gidajen tarihi ta ce fasahar lalatattu ce, a shekarar da ta biyo baya Kirchner ya kashe kansa. Wannan tarihi, da yaƙin da ya biyo, ya sa abin da ya tsira ya yi tsada.

Amma wadda ta zauna mini a zuciya ita ce Käthe Kollwitz. Ɗanta Peter ya mutu a fagen daga a Beljiyam a watan Oktoba na 1914, yana da shekara 18, watanni kaɗan da fara yaƙin duniya na farko. Ta yi shekaru tana neman yadda za ta faɗi abin, daga ƙarshe a farkon shekarun 1920 ta sassaƙa alluna bakwai a kan yaƙi. Ɗaya daga ciki uwa da uba ne a durƙushe, sun rungumi juna har sun zama dunƙule guda kamar dutse, uban ya rufe fuskarsa da hannu. Mun yi ɓarin ciki na biyu a shekarar da na fara ganin hoton nan. Ba sai na ƙara bayani ba.

Daga nan ƙa'idar fam 20 ta rushe. Na daina kallon zane, na koma kallon kusurwar ƙasa inda ake sa hannu da fensir. Na shiga bin gwanjon intanet har ƙarfe biyun dare, in tashi in tafi aiki ido jawur. Wata rana sai ga shi: uwa da uban nan, da sa hannun Kollwitz, wani dillali a wata ƙasar Turai yana cewa daga kayan wata tsohuwa da ta rasu ya fito. Fam 1,900. Na san na gaskiya ya ninka haka sau da yawa, kuma na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Sai na shiga lallashin kaina: watakila bai san darajarsa ba, watakila rabona ne ya tsaga. Muna da adashi da wasu 'yan uwa Hausawa mazauna garin, kwasata ta zo a watan, kuma mun riga mun yi magana da uwargida cewa kuɗin na katange filinmu ne a gida. Na tura wa dillali. Ita kuma na ce mata an ɗaga kwasar zuwa wata mai zuwa.

Ya iso a cikin firam, an liƙe bayansa da takarda ruwan ƙasa. Ni da na saba juya kowace takarda, wannan ban buɗe ba. Na ce kada in lalata. Gaskiyar ita ce ina tsoron abin da yatsana zai gaya mini. Na sa shi a bayan kabad, in fito da shi in kowa ya yi barci.

Ana nan sai Allah ya ba mu haihuwa, Baba ya zo suna, zuwansa na farko kuma na ƙarshe ƙasar. Da hidima ta lafa na kai shi Cherryburn, gidan gonar da aka haifi Bewick a gefen kogin Tyne, inda aka ajiye katakansa da tsofaffin injinan ɗab'i. Baba ba ya jin sunan kowa a cikinsu kuma bai damu ba. Injin ya nufa kai tsaye. Ya dubi wani guntun katako ya ce, "Wannan tsayinsa ɗaya da harafi." Haka ne kuwa, ana yanka su daidai tsayin harafin dalma, inci 0.918, don a ɗaure su a buga tare da rubutu lokaci guda. Ya faɗi lambar da ka, shekaru bayan ya bar aiki. Baturiyar da ke kula da wurin ta tsaya tana kallon tsoho da babbar riga da safa biyu yana nuna mata inda ake cusa takarda a ƙarƙashi idan wani gefe bai kama ba. Ban taɓa ganin Baba da fara'a irin ta ranar ba.

Daɗin wannan ne ya ɗebe ni. Da dare na fito da dukiyar tawa na ajiye masa a kan tebur.

Ya duba ya jinjina kai, ya ce, "Waɗannan an yi musu mutuwa." Sannan ya ce, "Cire shi daga gilashin."

"Baba, ba a cika son taɓawa ba."

"Kai ɗan nan, takarda ce. Ciro ta."

Na yanke liƙin, na zaro. Ya goge hannunsa a rigarsa, ya kife takardar, ya rufe ido ya bi bayanta da yatsa uku, daga sama har ƙasa, sau biyu. Ya juyo ta ya karkata ta wajen fitila, ya kanne ido ɗaya. Ya ce, "Nawa ka saya?"

Na yi shiru.

"Ba katako ya buga wannan ba. Ofset ne. Ka ga baƙin a kwance yake, ko'ina ɗaya, kamar fenti. Irin injin da ya kore mu daga aiki ke nan, ai ba zan kasa gane shi ba."

Na ce watakila da hannu aka murza, shi ya sa bai turo ba. Ya ce in da hannu ne za a ga sheƙin murzar a baya. Babu. Bai ƙara cewa komai ba, ya tashi ya yi alwala.

Daga baya na kai wa wata mai gyaran tsofaffin takardu. Ba ta ɓata minti biyar ba. Ta auna da rula ta gwada da kundin da masana suka rubuta awon kowane bugu na Kollwitz, nawa ya gaza ta kowane gefe. Shafi ne daga wani kundin hotuna da aka buga shekaru da yawa bayan rasuwarta, aka jiƙa shi da wani abu ya yi kalar tsufa, aka kwaikwayi sa hannun. Dillali kuwa ya rufe shagonsa na intanet, wa'adin ƙorafi ya wuce tun ina ɓoyon abin a bayan kabad.

A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuta wannan. Zambar da aka yi mini ba ta dame ni kamar wadda na yi ba.

Ina da wani littafi da na tsinta tun shekarun ƙa'ida, na Clare Leighton, wanda ta fitar a 1933 a kan shekarar manomin Ingila. Ita ta rubuta, ita ta sassaƙa. Faffaɗa ne, da manyan zane 12, kowane wata da nasa: haihuwar tumaki a Janairu, sausayar ulu a Mayu, huɗa a Nuwamba. Bangon nawa ya sha jiki, shi ya sa na same shi da sauƙi, amma cikinsa garau. Na san abin da 'yan kasuwa ke yi da irinsa. In ka sayar da shi ɗungurungum kuɗinsa kaɗan ne, in ka yanke zanen ka sa kowane a kwali ka sayar ɗai-ɗai, sai ya ninka. Na sha zagin masu yin haka. A daren da uwargida ta sake tambayar kuɗin adashi, na jira gida ya yi tsit, na ɗauko rula ta ƙarfe da sabuwar reza. Ƙarar da takarda mai kauri ke yi in reza na bin ta, har yanzu ina jin ta. Sau 12. Ban yi rabin awa ba.

Tara suka tafi cikin makonni kaɗan. Abin da na samu bai kai rabin ramin da na haƙa ba, dole dai na zauna na gaya wa uwargida komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kuɗin ba su dame ni ba kamar yadda ka dube ni ka ce an ɗaga kwasa." Ta yi kwana uku ba ta ce mini ko sannu ba, sai dai in tarar da abinci a rufe.

Gangar jikin littafin na jefa a kwandon takardun da ake kwashewa. Baba, wanda ba ya iya wuce rubutacciyar takarda a ƙasa bai ɗauka ba, shi ya tsamo ta. Na dawo aiki na same shi a falo da ita a cinya, yana bin guntayen da reza ta bari a tsakiya da babban yatsa.

"Wa ya yi wa littafin nan haka?"

"Ni ne, Baba."

Na zaci zancen zanen zai yi. Sai ya buɗe wani shafi na rubutu zalla ya ce in matso. "Dubi tazarar kalmomin nan. Dubi yadda gefen ya tsaya cak. Ka ga inda ya bar wa babban harafin farko wuri? Wanda ya haɗa shafin nan ya san aikinsa, kuma ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Don hoton ya zauna kusa da shi ya yi wannan wahalar. Kai kuma ka raba su don su ba su da sa hannu." Ya rufe ya miƙo mini. "Ajiye. Ba shara ba ce."

Shekara biyu bayan komawarsa gida Allah ya yi masa rasuwa. Cikin abin da aka ba ni akwai ɗan ƙarfen da yake jera harufa a ciki, gefensa ya cinye daidai inda babban yatsansa ke zama. Yana kan kantata, kusa da 'yar bishiyar fam 2.

An katange filin, a makare. Na koma ƙa'idata, sai dai yanzu fam 30 ce, kuma uwargida ce ke riƙe da lissafin. Jabun yana nan, na rubuta a bayansa da fensir da manyan baƙi cewa jabu ne, da Hausa da Turanci, don kada wata rana 'ya'yana su sayar wa wani bisa rashin sani. Wani lokaci nakan fito da shi in kalla, domin uwa da uban nan ba su san a kan wace takarda aka buga su ba.

Zane ukun da ba su tafi ba na mayar da su gurabensu da siririyar takardar Japan. In na ga wani yana sayar da yankakken shafi na littafin nan, kuma kuɗin watan ya isa, nakan saya, ko da ba daga nawa kwafin ya fito ba. Bara na samu na Nuwamba, mai huɗar, a hannun wani a Wales, na biya fiye da abin da na sayar da nawa. Ummi ce ta riƙe mini bangon ina liƙawa. Da muka gama ta bi guntayen da yatsa tana ƙirgawa da ƙarfi, ta ɗago ta ce, "Abba, saura takwas."